Ƙarin Girma a Wasan Labari: Yadda Ake Raba Maki Ba a Ɓata Zumunci Ba

Babu abin da ke saurin watsa zaman wasan labari kamar rabon maki. 'Yan wasa za su yafe wa madugun da ya manta sunan garin da shi da kansa ya ƙirƙira. Za su yafe masa in ya kashe sarki ranar Asabar, Asabar ta gaba kuma ga sarkin nan yana hawan Sallah. Amma ranar da ya ba maharbi maki ɗari uku, ya ba wanzami ɗari biyu da hamsin, bai faɗi inda hamsin ɗin ta maƙale ba, daga ranar za a fara gaisuwa sama-sama. Saboda haka lamarin yana bukatar bayani dalla-dalla, musamman a wuri irin Kuchigoro, inda ba a rasa ma'aikacin da ke jiran takardar ƙarin girma daga ofis, wanda ba zai so ya sha cunkoson titin filin jirgi ya dawo gida ya tarar an sake riƙe masa wata a kan tabarma ba.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, tatsuniya ce da masu sauraro ke da hannu a cikinta. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, kowa ya ɗauki tauraro guda: wannan maharbi, wancan maroƙi, waccan 'yar fatake. Mutum ɗaya, wanda za mu kira madugu, shi ke riƙe da sauran duniya. Zai ce: "Kun iso ƙofar gari bayan isha, an rufe, mai gadi yana gyangyaɗi." Kowa sai ya faɗi abin da tauraronsa zai yi. In abin yana da shakka, kamar haura ganuwa ko yi wa mai gadi daɗin baki, sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Ba a zuba kuɗi, ba wanda ke cin wani, don haka ba shi da haɗi da caca. Kayan aikinsa takarda ce da fensir da ɗan ludo, sai fitila in an ɗauke wuta.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa wa junansu muƙamai, wannan gwamna, wancan alƙali, wancan ɗan doka, kowa ya riƙe nasa da gaske har a watse. A tashe ma yara kan shiga rigar wani su yi magana da bakinsa. Bambancin shi ne naɗin kalankuwa da bikin yake ƙarewa, shi kuwa wasan labari yana iya cin watanni ana ci gaba daga inda aka tsaya, kuma wanda ya yi watanni yana aiki dole wata rana ya tambayi matsayinsa. A Abuja harkar wasannin tebur ta kafu: kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu a nan yake, a nan ake taron wasannin tebur na Afirka da aka fara a 2016, kuma a 2021 kamfanin ya karɓi lambar yabo ta Diana Jones, wadda masu wannan sana'a a duniya ke ji da ita. Duk inda tebura suka yawaita kuwa, rigimar maki tana nan tafe, kuma rigakafi ya fi magani.

Inda maki ya samo asali

A farkon shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Dave Arneson, a jihar Minnesota, ya shirya wa abokansa wasan da ya kira Blackmoor, inda kowa ke riƙe da mutum ɗaya maimakon runduna guda, mutumin kuma yana ƙara ƙarfi daga zama zuwa zama. Da shi da Gary Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, daga nan makin gogewa da matakan girma suka bazu, har suka shiga wasannin kwamfuta da na waya da yaranmu ke dannawa yau.

A tsarin farko, mafi yawan maki daga dukiya yake fitowa. Duk tsabar zinariya ɗaya da tauraro ya fito da ita daga kogo maki ɗaya ce. Mayaƙi yana bukatar 2,000 kafin ya hau mataki na biyu, mai sihiri 2,500. Kowane mataki da laƙabinsa, kuma in mayaƙi ya kai na tara sai ya gina ganuwa, ya tara mabiya, ya zama mai ƙasa. Abin da wannan doka ta haifar a bayyane yake. 'Yan wasa suka zama masu taka-tsantsan da son abin duniya. Suna kauce wa faɗa, suna lallaɓawa ta bayan dodo yana barci, in ƙyauren kogon na tagulla ne su ɓalle shi su ɗora wa jaki.

Wanda ya san aikin gwamnati zai gane wannan tsani da kallo ɗaya. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin da ke lebul 06 zuwa ƙasa sai ya shekara biyu a matakinsa kafin a duba shi, na lebul 07 zuwa 14 shekara uku, na 15 zuwa sama shekara huɗu. Mai digiri da ya shiga a lebul 08, in bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma kullum akwai gurbi, zai kai lebul 17 cikin shekara 26, saura masa tara a cikin 35 ɗin da doka ta ba shi. Cikar shekaru kuma ba ta isa ba, sai an duba takardar auna ƙwazo, sai an zauna jarrabawa. To Gygax ma haka ya tsara a littafin madugai na 1979. Tara maki bai wadatar ba. Madugu zai auna yadda ɗan wasa ya riƙe tauraronsa, ya sa shi a ɗaya daga cikin daraja huɗu, darajar ce za ta nuna ko mako ɗaya zai yi a wurin horo ko huɗu. Kuɗin horon kuwa zinariya 1,500 ne kowane mako, a ninka da matakin da yake kai. Tauraron da ya ɗauki sana'ar ɓarawo a wannan bugu maki 1,251 yake bukata ya hau mataki na biyu, ga shi kuɗin horo mafi araha 1,500 ne. Ke nan mutum zai cika sharuɗɗa, sunansa ya fito, ya zauna yana neman rance. Duk wanda aka taɓa ƙara wa girma a takarda albashi bai motsa ba ya san abin da ɓarawon nan ke ji.

Ɓera, akuya da talaka

Zuwa bugun Dungeons & Dragons na shekarar 2000 an janye maki daga dukiya, an jingina mafi yawansa a kan abokan gaba da aka rinjaya. A bugu na 2014, wanda ya fi yaɗuwa, maki 300 ke kai tauraro mataki na biyu, 900 na uku, 2,700 na huɗu, 6,500 na biyar, har zuwa 355,000 a mataki na ashirin. Kowace halitta da farashinta. Ƙaramin dodon da suke kira goblin maki 50 ne, don haka 'yan wasa huɗu sai sun kayar da 24 kafin kowa ya samu ɗari ukunsa. Ɓera maki 10 ne. Akuya maki 10. Talakan gari mai tafiya da ƙafarsa, shi ma maki 10. Tauraron da ya tsaya a kan ɓeraye kaɗai zai hau mataki na biyu a kan ɓera na 30, ya kai ƙololuwa a kan na 35,500. Littafin dai ya ce rinjaya, wadda ta haɗa da kora da kamu, amma kunnen ɗan wasa kisa yake ji.

A ce wani tela a Kuchigoro yana riƙe da maharbi mai maki 290. An yi dare uku ana bin labarin wasu 'yan uwa biyu da ke rigima a kan gonar gado, yau ga su an tara su a zauren mai gari, saura kaɗan su gaisa. Malamar firamaren da ke riƙe da 'yar fatake tana tsakiyar lallashin babban wan, sai tela ya ɗaga hannu.

"Madugu, gafara dai. Akwai akuya a gidan nan?"

"Akwai, ta mai gari ce, tana ɗaure a turke."

"To na ɗana kibiya."

"Haba Malam, sulhu fa ake yi!"

"Na sani, Malama. Goma ta rage mini."

Telan nan ba mugu ba ne, kuma lissafinsa bai kuskure ba. An gaya masa sulhu ba ya kawo komai, akuya tana kawo goma, ya bi inda aka zuba hatsi. Wannan ita ce ƙa'idar da duk sauran bayani ke rataye a jikinta: abin da madugu ya saka wa lada, shi 'yan wasa za su yi ta yi. Wanda ya biya a kan jini zai ga jini, wanda ya biya a kan zinariya zai ga an kwashe ƙyaure, kuma ba shi da bakin ƙorafi, domin abin da ya shuka ya girba.

Labaranmu na gida sun isa su nuna gurguntar wannan ma'auni. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ya kai matsayin waziri bai zare takobi ko sau ɗaya ba. Da baki ya tsare ɗan sarki daga fita cikin haɗari, dare bayan dare. A ma'aunin kisa, akun nan har littafi ya ƙare yana mataki na ɗaya da maki sifiri. Dubi kuma Bayajida a rijiyar Kusugu. Shi ya sare kan macijin da ke hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, wannan ba gardama. Amma maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar, tsohuwa Ayana ce ta sauke shi ta ba shi labarin rijiyar. In makin na wanda ya kai sara ne kaɗai, maƙeri da tsohuwa sun tashi a tutar babu, kuma gobe ba wanda zai yarda ya ƙera wuƙa, kowa sara zai nema. Har ila yau, da Daurama ta yi shelar lada, mutane da dama suka fito suna cewa su ne, sai da aka nemi kan maciji. Duk ladan da aka ɗora wa mutum ɗaya yana zuwa da masu da'awa.

Hanyoyi huɗu da aka gwada

Masu tsara wasanni sun ga wannan matsala tun da wuri, kowa ya kawo nasa magani, kuma kowane magani da irin halin da yake shukawa a tebur.

Ta farko ita ce koyo ta hanyar yi. A RuneQuest na 1978, da Call of Cthulhu na 1981, babu matakai sam. Duk gwanintar da tauraro ya yi amfani da ita ya ci nasara, sai a yi mata alama a takarda. Bayan an kammala tafiya a jefa mata ƙuri'a, in adadin ya haura abin da ya riga ya iya, sai ta ƙaru. Ke nan ɗan koyo yana saurin ƙaruwa, gwani kuma da ƙyar, kamar yadda yake a kowace sana'a. Wanda ya yi iyo shi ke ƙwarewa a iyo, ba a wayi gari mutum ya iya Larabci don ya kashe kura ba. Cikas ɗinta shi ne mai neman alama. Za ka ga mayaƙi ya rataya takobi da mashi da gatari da kulki da majajjawa, ya kai sara ɗaya da wannan ya ajiye ya ɗauki wancan, abokin gaba yana tsaye yana jira, domin kowane makami ya samu alamarsa kafin a tashi. Maganinsa madugu ya ce alama sai inda faɗuwa ke da hasara ta gaske.

Ta biyu ita ce lada a kan faɗuwa. A Dungeon World na 2012 ana jefa 'yan ludo biyu, in jimla ta tsaya a shida ko ƙasa, abin ya ɓaci, amma tauraro ya samu maki ɗaya. Cikin hanyoyi 36 da 'yan ludo biyu ke faɗuwa, 15 suna ba da shida ko ƙasa, in ba a ƙara komai a kai ba. Maki takwas ke kai mutum daga mataki na ɗaya zuwa na biyu, domin ƙa'idar ita ce matakinka a ƙara bakwai. Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017, yana ba da maki duk lokacin da tauraro ya jefa kansa cikin halin ko a mutu ko a yi rai. Amfanin wannan hanya babba ne: tana kashe tsoro. Ɗan wasan da ke ɓuya bayan 'yan uwansa sai ya fara fitowa, tunda ko ya faɗi bai tashi hannu wofi ba. Wanda ya sha ƙasa a daren nan ya tafi gida da abin faɗa da abin rubutawa.

Ta uku ita ce lada a kan hali. Wannan ce zuciyar wasannin da labari ya fi faɗa muhimmanci a cikinsu. A The Shadow of Yesterday na Clinton R. Nixon, na 2004, kowane tauraro yana zaɓar abin da ke motsa shi, wanda suka kira mabuɗi: amana, ramuwar gayya, tsoro, kare wani. Duk sanda ya bi halin nan, musamman in bin ya jawo masa wahala, sai ya samu maki. Ranar da ya juya wa halin baya gaba ɗaya kuwa, matsoraci ya tsaya, mai neman fansa ya yafe, sai a ba shi maki goma a dunƙule, ya rabu da mabuɗin har abada. A wannan tsari, da telanmu yana riƙe da mabuɗin zumunci, sulhun 'yan uwan nan biyu ne zai kawo masa maki, akuyar mai gari ta kwana lafiya a turkenta. A Numenera na Monte Cook, na 2013, in madugu ya jefo wa tauraro wata matsala ya karɓa, ana ba shi maki biyu, ya riƙe ɗaya, ɗayan dole ya miƙa wa wani a teburin ya faɗi dalili. Wannan doka guda tana koyar da kyauta fiye da doguwar nasiha.

Ta huɗu ita ce a bar ƙidaya, a bi zango. In an kai wani babban mataki a labari, an ceto gari, an gano wanda ya ci amanar sarki, sai madugu ya ce kowa ya hau. Fate Core na 2013 ya kasa zangon uku: ƙarami a ƙarshen kowane zama, inda ake gyara tauraro ba a ƙara masa ƙarfi ba, matsakaici mai ƙara gwaninta ɗaya, sai babba mai sauya matsayin mutum ɗungurungum. Littafin madugai na Dungeons & Dragons na 2014 shi ma ya yarda da wannan, har ya ba da shawarar a hau mataki na biyu bayan zama ɗaya, na uku bayan wani zaman, na huɗu bayan biyu, daga nan kowane mataki zama biyu ko uku. Hanyar tana da sauƙi, ba ta bukatar kalkuleta. Haɗarinta shi ne komai ya koma hannun mutum ɗaya. In madugu bai bayyana zangon ba, 'yan wasa za su daina bin labari su koma karanta fuskarsa, kowane ƙarshen zama a ji wani ya ce: "Ranka ya daɗe, yau dai babu labari?"

Akwai kuma wanda ya ce a bar ƙarin girman baki ɗaya. A Traveller na Marc Miller, na 1977, tauraro yana shigowa da gogewarsa ta shekarun aiki, bayan haka ƙaruwarsa kaɗan ce ƙwarai, abin da ke sauyawa shi ne jirginsa da bashinsa da abokan gabansa. Kada a raina wannan. Gizo ya shekara aru-aru a bakin kakanninmu bai ƙara ko taƙi ba, wayonsa na jiya shi ne na yau, kuma ba a taɓa fasa sauraro ba.

Hukunce-hukuncen da ke tasowa

Wanda bai zo ba. Mai gadi yana aikin dare, direba ya maƙale tsakanin Ƙofar Gari da Lugbe, mai jego ba ta samu fita ba. Waɗansu madugai kan hana su makin daren, wai don a koya musu zuwa. Wannan kuskure ne. Wanda ya rasa zama ya riga ya yi hasarar abin da ya fi maki, wato wasan kansa. In aka bar tauraronsa a baya, duk dawowar da zai yi zai tarar ya fi kowa rauni, sai ya rage zuwa, sai ya ƙara zama baya, har a neme shi a rasa. A ba shi abin da aka ba kowa.

Wanda ya kawo tsire. Ya kyauta, a gode masa, a ci, a sa masa albarka. Maki ba ya shiga ciki. Ranar da tsinken tsire ya zama maki ashirin, mai albashi ya wuce mai neman aiki a cikin labarin ma, alhali wurin nan ne kaɗai suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Haka hukuncin yake ga mai kawo lemo, da mai gidan da ake zama, da ƙanin matar madugu.

Wanda ya fi kowa baki. A Vampire: The Masquerade na 1991 ana ba kowa maki ɗaya na halarta, sannan a ƙara wa wanda ya iya shiga rigar tauraronsa. Niyyar mai kyau ce, amma a teburinmu tana cutar mai kunya. Akwai yarinyar da ba za ta ɗaga murya gaban yayanta ba, akwai saurayin da maganarsa ɗaya ce a dare amma ita ke warware ƙulli. In lada na mai kwaikwayon murya ne, su biyun za su dawwama a ƙasa. Abin da za a auna shi ne shawarar da tauraro ya yanke da abin da ta jawo masa, ko da raɗa aka faɗe ta.

Wanda tauraronsa ya mutu. A yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, a ba shi sabuwar takarda. Sabon tauraron ya shigo daidai da sauran, ko ƙasa da mataki ɗaya in teburin ya amince. Mayar da shi mataki na ɗaya a tsakiyar 'yan mataki na takwas tura shi ne ga mutuwa ta biyu, kuma darasin da kowa zai ɗauka shi ne kada ka sake tsayawa ka kare ɗan uwanka.

Yadda ake rufe zama

Hanyar da ta fi dacewa da teburin da labari ne gabansa ita ce tambayoyin ƙarshen zama, a bainar kowa. Dungeon World yana da irinsu guda uku, kan sabon abin da aka gano da abokin gaban da aka rinjaya da dukiyar da aka samo, kuma kowane tebur yana iya yanka nasa daidai wuyansa. A ce an ajiye fensir, an zuba shayi, madugu ya buɗe littafinsa.

"Jama'a, yau mun gano wani abin da ba mu sani ba game da ƙasar nan?"

"Mun gano, Madugu. Ashe rijiyar ba ta ƙafe ba, toshe ta aka yi."

"Maki ɗaya ga kowa. Akwai wanda ya cika alkawari alhali cikawar ta cuce shi?"

"Wanzami. Ya mayar da kuɗin, ga shi bai ci abincin dare ba."

"Kowa ya shaida?"

"Mun shaida."

"Ɗaya ga wanzami. Akwai rigimar da muka kashe ba a zubar da jini ba?"

Minti biyar sun isa. Kowa ya ji dalili da kunnensa, mai kunya ya samu wanda zai faɗi alherinsa, madugu kuma ya sauke nauyin zama alƙali shi kaɗai. Tambayoyin nan su ne ainihin dokar wasan. Wanda ke son labarin fatauci ya tambayi ciniki da amana. Wanda ke son labarin fada ya tambayi wa ya samu shiga wurin sarki, wa ya rasa. In kiɗa ya sauya, a sauya tambaya, amma a sanar tun kafin a jefa ɗan ludo.

Abu na ƙarshe, ƙarin girma ya fito a cikin labarin kansa. Lamba a takarda ba ta ƙosar da kowa. In maharbi ya hau mataki, a ga sarkin dawa ya kira shi ya ba shi wuri kusa da shi, yaran gari su fara binsa, mai gadin da ya taɓa rufe masa ƙofa ya miƙe ya gaishe shi. Sannan nauyi ya biyo baya, domin haka girma yake a wurinmu: a kawo masa ƙara, a aiko masa da ɗan ƙanwarsa ya koya masa harbi, in kura ta shiga garke cikin dare ƙofarsa za a fara bugawa. Tun a 1974 masu wasan sun gane haka, shi ya sa suka haɗa mataki na tara da ganuwa da mutanen da za a ciyar. Tauraron da ƙarfinsa ke ƙaruwa amma ba wanda ya rataya a wuyansa, ƙato ne kawai.

Saboda haka, ya kai madugu, ko a Kuchigoro kake ko a Karonmajigi ko a Lugbe, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daren farko ka tara mutanenka ku yanke irin labarin da kuke so, ku zaɓi abu uku da za a riƙa saka wa lada, a rubuta a bangon littafi kowa ya gani. Ka raba a fili, ka faɗi dalili, kada ka bar wanda aiki ya tsare a baya, kada ka sayar da maki ko da tsire mai zafi ne. Wanda ya kiyaye waɗannan, teburinsa zai daɗe, kuma 'yan wasansa za su ci gaba da gaisawa hannu biyu.